Wasiƙa Zuwa ga Masu Lambu na Dutsin-Ma da Kurfi a Kan Gyauron Albasa

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga dattawan wannan sana'a da matasanta, daga masu noman rani a bakin madatsar Zobe har zuwa masu ɗan fangali a bayan gida, ina neman izini in yi nasiha game da wani arziki da muke tattakewa bisa gafala, wato gyauron albasa.

Duk wanda ya bar albasa ta yi fure har kanta ya bushe a bazara ya san cewa baƙaƙen ƙwayoyin nan sukan zube ƙasa kafin a tattara su, kuma da zarar ruwan farko ya sauka sai ka ga siraran ganye kamar allura sun keto gefen fangali, waɗanda yaro mai cirar ciyawa zai tuge ba tare da ya lura ba. Manoman Ingila sanyin ƙanƙara suke tsare wa irin waɗannan tsirrai. Mu kuwa, hunturu masoyin albasa ne, damina ce jarrabawarta, domin ruwan watan Agusta idan ya kwanta a gindinta sai saiwa ta ruɓe, ganye ya yi tabo ya kwanta.

Saboda haka, idan gyauron ya kai tsawon yatsa, ku cire shi da ƙasarsa da yamma, ku dasa a bisa kunya mai tudu inda ruwa ba ya tsayawa, ku bar tazarar taƙi tsakaninsu, ku sa ruɓaɓɓen taki, ba ɗanye ba. Na taɓa barin nawa a kwari saboda kasala, mako biyu na marka suka cinye shi ƙurmus. Wanda ya tsallake zuwa kaka da kauri, sanyin Disamba da Janairu ne zai sa ya fid da sanda ya yi fure, ku sami iri na kanku. Raunanan kuma a yanke lawashinsu a yi gabu, ba a yi asara ba.

Sai dai a yi hattara: gyauron irin kamfani da aka aurar ba ya gadon uwarsa, kuma irin albasa ƙarfinsa kan ragu ƙwarai bayan shekara guda. Don Allah, malamai, kafin ku sa fartanya a fangalin bara, ku durƙusa ku duba. Wassalam.