Ankon Kirsimeti da Kurciyoyi Biyu

Yau a kan Kirsimeti zan yi magana, kuma na san wani zai ce ina ruwan Katsina da Kirsimeti. To, akwai ruwanta. Ta Ƙofar 'Yandaka Gwamna Lugga ya shigo birnin nan a 1903, kuma a shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka kama aikin jinyar kutare a Babbar Ruga, bayan gari kaɗan. Yau Hausawa Kirista suna nan birjik a Malumfashi da Ƙafur da ƙauyukansu. A 2023 Fafaroma Francis ya ba Katolikan Katsina bishop nasu na kansu, Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi. Da Hausa muke sujada, da Hausa muke karanta Littafi Mai Tsarki tun fassarar 1932.

Abin da ke damuna shi ne anko. Da Nuwamba ta kama, zancen ya koma wace atamfa aka fitar, wane tela ne bai cika alkawari, kaji nawa za a yanka. Dangi su fitar da nasu, 'yan kwaya su fitar da nasu, wani lokaci har ƙungiyar matasa. Mace ɗaya sai ta tashi da anko uku a wuyanta. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kowa ya san yadda shinkafa da kuɗin mota suka koma, amma ba wanda ya rage buri. Manomi ya sayar da masarar da ya kamata ta kai shi damina, a lokacin kaka da hatsi ba ya daraja, ya dawo a watan Yuli yana sayen kwano da tsada. Ma'aikaci ya ci bashi, Janairu ta zo da kuɗin makaranta.

Ba ƙyamar ado nake ba. Yaro ya sa sabon kaya ya kai wa maƙwabta Musulmi shinkafa da nama, su ma su rama da Sallah, wannan zumunci ne da ba zan so ya mutu ba. Inda abin ya ɓaci shi ne gwauruwar da ke zama a gida ranar 25 ga Disamba don 'ya'yanta ba su da anko, tana jin kunyar a gan su da tsohon kaya a benci. A ranar da aka ware don haihuwar Yesu Almasihu, farashin yadi shida ne ya hana ta shiga majami'a. Fasto ya yi wa'azi mai daɗi, ita ba ta ji ba.

Ga abin da muke karantawa kowace shekara mu wuce. Luka sura 2 ta nuna a komin dabbobi aka kwantar da jaririn, makiyaya ne suka fara zuwa. Da aka kai shi Haikali, tsuntsaye biyu iyayensa suka miƙa, kurciyoyi ko 'yan tattabaru. Duba Littafin Firistoci sura 12: ɗan rago shari'a ta nema, tsuntsaye biyu sassauci ne ga wadda ba ta da hali. Wato Maryamu da Yusufu hadayar talakawa suka yi, a bainar jama'a. Da a wata majami'armu ta yau suke, ban ga yadda za su biya kuɗin anko ba.

Don haka dattawan ikilisiya su hana anko fiye da ɗaya, kuma a faɗa daga bagade tun farkon Disamba cewa kowa ya zo da abin da yake da shi. Zumuntar Mata ta fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya, sai a ware wani kaso na baikon godiyar kaka, masara da dawa da wake, a kai can kafin ranar.

Ku kuma da ke neman abin rubutawa, littattafanmu sun cika da kayan lefe da ragon layya na bashi. Ban cika cin karo da labarin matar nan ta Ƙafur da ke wanke tsohuwar atamfa daren 24 ga wata, tana shawarar ko ta je ko ta zauna ba.