A Dawo Mana Da Ƙararrawarmu



Mako uku ke nan da aka karɓe 'yar ƙararrawar da muka haɗa da batiri biyu da guntuwar waya da murfin gwangwanin madara. Da ita mu bakwai 'yan aji biyu muke koyon rubutun Mos lokacin tara. Mun san dalilin karɓewar, kuma ba za mu ɓoye ba: ranar gwajin lissafi ɗaya daga cikinmu ya riƙa ƙwanƙwasa biro a kan benci, malam ya zaci amsa yake aikawa. Amsar kuwa yake aikawa. Ya yi laifi, an hukunta shi, mu ma mun yi masa faɗa. Amma a ganinmu hana kowa koyo saboda mutum ɗaya ya yi tsauri.

Ga wanda bai sani ba, rubutun Mos hanya ce ta aika saƙo da ƙara iri biyu kawai, gajera da doguwa. Gajerar muna ce mata "di", doguwar "da", kuma doguwar ta ninka gajerar sau uku. Harafin E "di" ɗaya ne, T "da" ɗaya, A kuma "di-da". Sunan ya samo asali daga wani Ba'amurke, Samuel Morse, wanda a 1844 ya aika saƙo ta waya daga Washington zuwa Baltimore. Wannan wayar ce kakanninmu suka kira tangaraho, kuma ita ce ta sa har yau muke cewa "gidan waya".

Wasu 'yan aji uku sun yi mana dariya, wai ana zamanin Android muna fama da kayan 'yan mazan jiya. Ba ƙarya suka yi duka ba, don jiragen ruwa ma sun daina dogaro da Mos tun 1999. Amma mu tambaye su: a damunar 2022, da ruwa ya ci garuruwa a wajen Ringim da Kafin Hausa da Haɗeja, wa bai ji labarin mutanen da wayarsu ta mutu ba, babu wurin caji? A 2021 kuma an rufe layukan waya gaba ɗaya a Zamfara na tsawon makonni. Mos ba ya neman sabis, ba ya cin kati. Tocila ta isa, ko usur, ko madubi idan akwai rana. Gajeru uku, dogaye uku, gajeru uku, shi ne SOS, kiran neman agaji da duniya ta sani, wanda jirgin Titanic ya aika a 1912. Mun gwada da tocila bayan magariba, ɗaya a kan dutse, ɗaya a ƙofar gidansu, saƙon ya isa. Sai dai "zo" ta koma "go", don an rasa "di" ɗaya a hanya.

Abin da ya fi ba mu daɗi shi ne matsalar da muka gano da kanmu. Babu ƙ da ɓ da ɗ a rubutun Mos. Idan ka aika "kaya", abokinka bai san ko ɗauka zai yi ko cirewa daga ƙafa ba. Muka yi ta gardama kwana biyu, daga baya muka ga Hausa ba ta amfani da Q da V da X, sai muka ba ƙ alamar Q, ɓ ta ɗauki V, ɗ ta ɗauki X. Babu wanda ya sa mu wannan aikin gida. Mu kuwa da muka taso muna jin kalangu yana kiran sunan mutum ya waiwaya, magana da ƙara ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Har yanzu akwai masu rediyon sha'awa a ƙasashe da dama da ke gaisawa da Mos, kowa da lambar kiransa. Ta 'yan Najeriya tana farawa da 5N, ta 'yan Nijar 5U. Sai da lasisi ake hawa iska, saboda haka mu a ƙasa muke, muna dai shiri.

Batun satar amsa kuwa, malamanmu su kwantar da hankali. Mafi gwanintarmu da ƙyar yake kama kalma biyar a minti ɗaya. A zauren jarrabawa da ya yi tsit, mai sa ido zai riga abokin jin ƙwanƙwasar, kamar yadda aka gani ranar lissafi. Wanda aka aika wa amsar ma bai gane ta ba, ya ci uku cikin goma.

Roƙonmu ga shugaban makaranta shi ne a dawo mana da ƙararrawar, a ajiye ta a ofishin malamai, mu riƙa karɓa ranar Laraba lokacin ƙungiyoyi, malamin kimiyya yana zaune. 'Yan mata biyu daga aji ɗaya sun riga sun ba da sunansu, kuma kuɗin batiri mu za mu haɗa.