Mashigin Bosforus da Kuɗin Takin Manomin Karaye

'Yan'uwa, mai noman rani a bakin dam ɗin Challawa a Karaye, da mai gonar rake ko masara a Rogo, ba su da wata hulɗa da teku. Amma wani siririn mashigin ruwa a Turkiyya yana da hannu a kuɗin da suke sayen taki da burodi. Ya kamata mu san yadda aka tsara ikonsa, domin duk ranar da aka zauna sulhun yaƙin Rasha da Yukiren, zancensa zai taso.

Jirgin da ya ɗauko kaya daga Bahar Aswad ba shi da mafita zuwa Bahar Rum sai ta Bosforus, wanda ya ratsa birnin Santambul, sannan Dardanel. A wani wurin faɗin Bosforus bai kai kilomita ɗaya ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar Lozan ta 1923 ta sa mashigin a ƙarƙashin kwamitin ƙasa da ƙasa, ta hana Turkiyya girke soja a gaɓarsa. Turkawa sun karɓa ne a kan dole, gama an mai da mai gida baƙo a ƙofarsa. Tsarin bai wuce shekara 13 ba. A ranar 20 ga Yuli 1936 aka sa hannu a wata sabuwa a Montro ta Suwizalan. Aka mayar wa Turkiyya iko da tsaro, ita kuma ta ɗauki alkawarin barin jiragen kasuwanci su wuce a lokacin zaman lafiya. Jiragen yaƙin ƙasashen da ba sa bakin Bahar Aswad kuwa, ba za su wuce kwana 21 a ciki ba.

Bayan Yaƙi na Biyu, Stalin ya nemi a raba ikon mashigin da Tarayyar Sobiyet, har da sansanin soja. Turkiyya ta ƙi, Amurka ta mara mata baya, a 1952 ta shiga NATO. Matsin lambar bai ba Rasha komai ba, sai tura maƙwabciyarta ga abokan hamayya.

Yarjejeniyar Montro tana aiki har yau. A ƙarshen Fabrairu 2022 Turkiyya ta dogara da ita ta hana jiragen yaƙin masu faɗa wucewa, sai masu komawa tasharsu ta asali. A ranar 22 ga Yuli 2022, ita da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shirya fitar da hatsin Yukiren, kusan tan miliyan 33 suka fita kafin Rasha ta janye a Yuli 2023.

Ina ruwanmu? Nijeriya tana yin yuriya a gida, amma sinadarin fotash da ake haɗa NPK da shi daga waje yake zuwa, Rasha kuwa tana cikin manyan masu sayar da shi. Yawancin alkamar da muke ci ma ta waje ce. Faɗuwar naira da tsadar mai suna da nasu kaso, amma idan hanyar teku ta toshe, farashin duniya ya hau, sai ya iske mu a kasuwar Karaye.

Mun san wannan darasi a burtali. Gefe da gefe na mai gona ne, wucewa ta makiyayi ce. In aka ƙwace wa mai gona iko, zai nemi ramuwa. In ya toshe hanya, rigima ta tashi. Lozan ta danne mai gida, ta rushe. Montro ta ba kowa nasa, ta haura shekara 85.

Saboda haka idan muka ji labarin sulhu a rediyo, kada mu tsaya a kan tsagaita wuta kaɗai. Mu saurari abin da aka rubuta game da tashoshin jiragen ruwa da wucewar hatsi da taki, da kuma wanda aka damƙa wa tsaron hanyar.