Cinikin Biri A Sama: Alƙawuran Masu Ƙera Na'urar Gem

 Duk wanda ya saba karatun littattafan soyayya ya san irin saurayin nan da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, amma kuma ba a taɓa samun magana tsayayya a bakinsa ba. In budurwa ta ce yaushe za ka turo magabatanka, sai ya ce ai abin ya kusa. In ta ce wane wata, sai ya ce ke dai kwantar da hankalinki. Bai sa rana ba balle a ce ya saɓa, amma ya hana kowa tsayawa a ƙofar gidan. To wannan hali shi manyan kamfanonin da ke ƙera na'urar gem suka mayar sana'a duk lokacin da za su fitar da sabuwar na'ura, musamman Sony mai PlayStation da Microsoft mai Xbox.

Kada mai karatu ya ce ina ruwanmu da wasan yara. Da wuya ka zaga unguwa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ba ka ci karo da gidan gem ba, inda samari ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a talabijin. Mai gidan jari ya zuba, da shi yake ciyar da iyali. Haka uban da ya ƙuƙuta ya sayo wa ɗansa, guminsa ya kashe. Saboda haka maganar da aka yi a Tokyo ko Los Angeles, ƙarshenta a aljihunmu take sauka.

Bari mu ɗauki PlayStation 3, domin ita ce ta fi nuna abin a fili. A watan Mayun 2005, a babban bikin baje kolin gem da ake kira E3, wanda a wancan zamani ake yi a Los Angeles ta Amurka, Sony ya nuna wa duniya wannan na'ura, ya ce za ta shiga kasuwa a bazarar 2006. Aka nuna ta da kafa biyu ta jona talabijin, wai mutum zai iya haɗa ta da talabijin biyu a lokaci guda, ga kafa uku ta wayar intanet, ga kafa shida ta USB. Sannan aka haska wani guntun hoto na wasan yaƙi mai suna Killzone 2, sojoji na sauka daga sama, wuta na tashi, kai ka ce fim ne na gaske. 'Yan kallo suka tafi gida da zaton abin da za su buga ke nan. Ashe hoto ne da aka shirya a kwamfuta kamar yadda ake haɗa katun, domin a nuna inda ake fatan kaiwa, kuma daga baya masu wasan da kansu, wato kamfanin Guerrilla na ƙasar Holan, suka tabbatar da haka. Wasan bai fito ba sai a Fabrairun 2009.

Ita kanta na'urar fa? A Maris ɗin 2006 aka ce an ɗaga sai Nuwamba, amma duk duniya za ta samu tare. Da Satumba ta kama sai aka ce mutanen Turai su yi haƙuri. Japan ta samu ranar 11 ga Nuwamba, Amurka ranar 17, Turai kuwa sai 23 ga Maris, 2007. Da aka buɗe kwali, kafar talabijin irin ta zamani guda ɗaya ce, ta intanet ɗaya, ta USB huɗu. Farashi kuma dala 499 ƙarama, dala 599 babba. Hausawa suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abin tambaya shi ne, me ya sa kamfani zai nuna kayan da bai gama ba, shekara ɗaya da rabi kafin ya sayar? Amsar tana wajen kishiya. Xbox 360 ta Microsoft tana shirin fitowa a Nuwamban 2005, shekara guda cur kafin PlayStation 3. Duk wanda ya kashe kuɗinsa a kanta ya kuɓuce wa Sony. To sai a haska maka hoton da zai sa ka mayar da kuɗinka aljihu ka ce bari in jira. Ba kuma a nan aka fara ba. A Maris ɗin 1999 Sony ya zayyana ƙarfin PlayStation 2 shekara guda kafin ta fito, a daidai lokacin da Dreamcast ta kamfanin Sega ke neman gindin zama. Ba wannan kaɗai ya kayar da Dreamcast ba, amma dai jama'a da yawa sun jira, kuma a 2001 Sega ya daina ƙera na'urar gem gaba ɗaya. Wato alƙawarin da ba shi da rana ba don ya sanar da kai aka yi shi ba, don ya tsare ka aka yi shi.

Wani abin takaicin ma shi ne, abin da aka ba ka da hannun dama ana iya karɓewa da na hagu. PlayStation 3 ta farko tana cin faifan PlayStation 2, kuma da wannan aka ja hankalin masu tarin tsofaffin faifai. A Oktoban 2007 aka fitar da wani samfuri mai araha wanda ba ya cin faifan PlayStation 2 ko ɗaya. Haka kuma ta farkon tana karɓar manhajar Linux, mutum ya mayar da ita kwamfuta, har rundunar sojin saman Amurka ta haɗa guda 1,760 ta yi babbar kwamfuta da su. A Afrilun 2010 Sony ya turo gyara ta intanet wanda ya toshe wannan dama a na'urorin da mutane suka riga suka saya suka ajiye a ɗakunansu. In ka ƙi gyaran, ka rasa wasa da jama'a ta intanet. Aka kai ƙara a Amurka, aka shekara da shekaru ana shari'a, daga ƙarshe aka sasanta a kan abin da bai wuce dala 65 ga kowane mutum ba, kuma ga wanda ya saya a Amurka kawai. Wanda ya sayi tasa ta hannu a kasuwar Kano, wa zai kai wa kuka?

Microsoft ma gwano ne, ba ya jin warin jikinsa. A bikin E3 na 2009 ya nuna wata kyamara da daga baya aka sa wa suna Kinect, tare da wani yaro na cikin talabijin mai suna Milo, wanda wai yana gane fuskarka, yana jin maganarka, har ya mayar maka da amsa. Kyamarar ta fito a Nuwamban 2010, amma Milo har yau ba a sayar wa kowa da shi ba. A 2013 kuma, da Xbox One za ta fito, aka ce dole ne na'urar ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace awa 24, in ba haka ba wasa ya tsaya, sannan aka gindaya sharuɗɗa a kan sayar da tsohon faifai ko ba da aronsa. Da aka tambayi shugaban sashen Xbox na lokacin, Don Mattrick, yaya marasa intanet za su yi, sai ya nuna musu tsohuwar Xbox 360 ya ce ga tasu nan. Ka auna wannan da mai gidan gem ɗin da ke fama da janareta da tsadar data. Da ihu ya yi yawa, a watan Yunin shekarar kamfanin ya janye maganar. Ita ma Kinect da aka ce na'urar ba ta cika sai da ita, aka tilasta wa kowa sayenta a cikin dala 499, kafin shekara ta zagayo an cire ta an mayar da farashi dala 399, a 2017 kuma aka daina ƙera ta. Waɗanda suka yi gaggawar saye su suka biya kuɗin gwajin.

Kada a ce ai wannan tsohon zance ne. A Mayun 2020 shugaban sashen PlayStation na wancan lokaci, Jim Ryan, ya yi maganar da ta sa jama'a suka fahimci cewa manyan wasannin PlayStation 5 nata ne ita kaɗai. Watanni huɗu bayan haka aka sanar cewa sabon Spider-Man da sabon Horizon duk za su fito a PlayStation 4 ma. In ka koma kan maganar tasa, ba za ka ga inda ya rantse a kan wani wasa ba, amma ya bari kowa ya fassara yadda zai amfani kamfani. Kwalin na'urar ma ya fito da tambarin 8K ɓaro-ɓaro, wato hoto mafi tsabta, alhali ba ta fitar da shi a talabijin, har a 2024 aka lura an goge tambarin shiru ba sanarwa.

In mai karatu ya lura, kalmomin nasu ba su da yawa, jujjuya su ake yi. Akwai "nan ba da jimawa ba", wadda ba ta cikin kalanda. Akwai "a tsakanin lokacin fitowa", wadda ke iya zama sati biyu ko wata shida. Akwai "tana iya kaiwa kaza", wadda ko rabin kazan ba ta kai ba, ba a yi ƙarya ba. Akwai kuma ɗan ƙaramin rubutun da ake maƙalawa a ƙasan hoto cewa abin da ka gani na iya canzawa. Lauyoyi ne ke tace su kafin su fito, shi ya sa ba ka iya kama kowa da bakinsa.

Na san akwai mai cewa a yi wa kamfanonin adalci, ƙera irin wannan kaya ba wasa ba ne. Gaskiya ne. Jinkirin Turai a 2006 ya samo asali ne daga ƙarancin wani ɗan ƙaramin ƙwai mai shuɗin haske da ke karanta faifan Blu-ray, haka ƙarancin PlayStation 5 a 2021 ya haɗu da annobar korona da ƙarancin kayan haɗa na'urori a duniya. Tela ma kan ce Juma'a ya kai Lahadi. Amma telan da ya ce Juma'a ya ba ka igiyar da za ka kama shi da ita, kuma kana iya yi masa uzuri. Wanda ya ce "sai dai ka ji ni" tun farko ya shirya hanyar zamewa. Ba jinkiri nake ƙi ba, abin da nake ƙi shi ne a tsara magana da gangan yadda za ta jawo kuɗi a yau, gobe kuma ba ta ɗaure kowa ba.

Abin da ya kamata kamfani ya faɗa ba shi da wuya. Ga ranar fitowa, ga farashi, ga abin da ke cikin kwali, ga wasannin da za a samu a ranar, ga shekarun da ba za a taɓa abin da ka saya ba. Duk hoton da ba daga na'urar ya fito ba, a rubuta haka da manyan baƙaƙe. Tunda kuwa ba su da niyyar yin hakan sai an matsa musu, to mu ma mu san inda ke yi mana ciwo. Mai gidan gem, kada ka sayar da tsofaffin na'urorinka guda uku masu kawo maka kuɗin cefane don ka sayi sabuwa guda ɗaya a watan da ta fito. Ka bari ta shekara a kasuwa, ka ji ta bakin waɗanda suka buga, ka ga ko wasan ƙwallon da samarin unguwarku ke so yana tafiya ba tare da intanet ba, ka tambaya ko akwai mai gyaranta a garinku. Uba kuma ka tambayi mai shago abin da take yi yau a gabanka, ya jona ta ka gani, domin gani ya kori ji. Duk abin da aka ce zai zo daga baya, ka lissafa shi a matsayin babu, in ya zo ka ɗauka kyauta ce. Biri dai in yana sama ba naka ba ne, komai kyan jelarsa.