ANA ƘIDAYA TALAKAWA, 'YAN CI-RANI BA SU CIKIN LISSAFI

Akwai wata sana'a da ta bunƙasa a ƙasar nan wadda ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta kuma da sarki kamar pawa ko ƙira, amma masu ita ba su taɓa kukan rashin ciniki ba. Ita ce kwangilar bincike da auna ayyukan raya jama'a. Duk sa'ad da Gwamnati ko Bankin Duniya ko wata ƙungiyar agaji za su kashe kuɗi da sunan talakawa, sai an kirawo waɗannan gwanaye sau uku: kafin a fara, su ce aikin zai yiwu; ana tsakiyar yi, su ce yana tafiya daidai; bayan an gama, su ce an ci nasara. Wanda ya ba su kwangilar shi ne wanda za su auna, shi ne kuma zai sa hannu a takardar biyansu. To, wane ɗan kwangila ne zai rubuta cewa maigidansa ya yi ɓarna, alhali kuwa yana sa ran wata kwangilar baɗi?

Kada a ce wannan zargi ne kawai. Aikin noman rani na Kudancin Tafkin Chadi, a ƙasar Borno, an zana shi ne bisa awon da gwanaye suka yi a shekarun 1960, lokacin da tafkin ya ke cike. Aka haƙa magudanai, aka girka injuna domin a shayar da kadada dubu sittin da wani abu. Kafin a buɗe aikin a 1979 tafkin ya riga ya fara ja da baya, daga baya kuma ya bar magudanai a bushe, abin da aka taɓa nomawa bai kai ko kusa da abin da aka yi alkawari ba. Na Bakolori ya fi wannan muni. An gama madatsar a 1978, aka lissafa ribar gonakin da za a shayar, aka manta da mutanen fadamun da ke ƙasa da ita, waɗanda ambaliyar kowace shekara ke ciyar da su. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka nemi diyyarsu, a watan Afrilu na 1980 aka amsa musu da bindiga. Gwanayen da suka ce aikin zai yi albarka an riga an biya su, sun koma inda suka fito. Jama'ar Talata Mafara su ne suka yi jana'iza.

Wanda ke zaune a Ikko ba sai ya je Arewa ba kafin ya ga irin wannan. A 2006 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 200 don gyaran birnin, har da unguwannin talakawa tara, cikinsu akwai Agege da Ajegunle da Badiya. A watan Fabrairu na 2013 motocin rusau na Gwamnatin Jiha suka shiga Badiya ta Gabas, dubban mutane suka kwana a fili. Bayan an rushe ne aka zauna rubuta tsarin biyan diyya da sake tsugunar da su. Ihu bayan hari ke nan. Ina masu sa idon su ke ranar da motocin suka iso?

Amma abin da ya fi shafar 'yan Arewa mazauna Kurmi shi ne rajistar matalauta. Tun daga 2016 aka shiga tattara sunayen gidajen da za a riƙa ba Naira 5,000 a wata, aka zuba rancen Bankin Duniya a ciki, aka haɗa da dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da aka maido daga Suwizalan. Yadda a ke yi shi ne, ma'aikatan Jiha su je gari, su tara mutanensa, su ce a nuna musu waɗanda suka fi talauci. A takarda wannan tsari ba shi da aibu. To, amma ɗan ci-ranin da ya bar Ɗanbatta ko Illela yana dako a Mile 12, ko yana tura kurar ruwa a Idi-Araba, ko yana gadi a Fatakwal, a wane gari za a nuna shi? Ranar da masu rajista suka je ƙauyensu ba ya nan. Ranar da suka zo unguwar da ya ke kwana, ba shi da ɗaki da sunansa, ba shi da takardar haya, masu unguwa kuma ba su ɗauke shi nasu ba. Mai tambaya ba ya jin Hausa, shi kuwa yana ganin baƙo da takarda a hannu sai ya zaci haraji ne ko kora, ya sulale abinsa, kuma ba za a ga laifinsa ba. Ta haka mutumin da guminsa ke ciyar da gida guda a Arewa ya ke faɗawa tsakanin littafi biyu, babu wanda ya rubuta shi.

A watan Yuli na 2023 Majalisar Tattalin Arzikin Ƙasa, wadda Gwamnoni duka ke cikinta, ta fito ta ce ba ta amince da wannan rajista ba. A watan Janairu na 2024 aka dakatar da Ministar da ke kula da ayyukan jin ƙai, aka tsai da shirye-shiryen don a yi bincike. Shekara bakwai ana biyan masu bin diddigi, ana taro a manyan otal-otal na Abuja, ana buga rahotanni masu sheƙi. Ko dai rajistar tana da kyau Gwamnoni suka yi mata ƙazafi don su yi tasu, ko kuwa ba ta da kyau masu awo suka yi shiru. Kowanne ne daga ciki, talakawa suna bin bashin bayani.

Ba a ce bincike banza ba ne. Wani malami, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Badun fiye da shekara guda, tsakanin 1962 da 1963, ya san masu gida da dillalan shanu da na goro, ya fahimci yadda amana ke tafiyar da bashi tsakanin baƙo da mahauci, littafin da ya fitar a 1969 kuwa har yau ana karanta shi. Malaman Samaru da suka yi shekaru suna bin gonakin ƙauyukan Zazzau su ne suka nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya dabara ce ta tsira daga fari, ba duhun kai ba. Waɗannan sun zauna, sun saurara. Wanda ya sauka daga jirgi ranar Litinin, ya yi hira da Shugaban Ƙaramar Hukuma ta bakin tafinta, ya koma ranar Alhamis, wannan yawon buɗe ido ya yi, ko da an biya shi da dala.

Saboda haka ya wajaba Sarakunan Hausawa na Agege da Shagamu da Badun da Anacha, da shugabannin 'yan dako da 'yan acaɓa da na kasuwannin kara, su daina jiran a tuna da su. Su riƙe littafin mutanensu da kansu, da sunan kowa da sana'arsa da garinsu, su kai shi ofishin rajista na Jihar da su ke zaune, su nemi a ba su shaidar karɓa. Duk mai binciken da ya shigo unguwa a tambaye shi wa ya aiko shi, wa zai biya shi, a kuma ɗaure shi da alkawarin komowa ya karanta abin da ya rubuta a gaban jama'a, da harshen da su ke ji. Wakilai a Majalisar Tarayya kuma su tsaya a kan cewa kuɗin mai awo ya fita daga hannun ma'aikatar da a ke aunawa, rahoton kuwa a ajiye shi a gaban Majalisa kafin a nemi wani sabon rance.