Lissafin zamanin modem bai tsufa ba: Raba da takwas kafin ka sauke fayil

A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ake shiga intanet ta layin tarho, mutum ba ya danna fayil sai ya yi lissafi. Dalili kuwa shi ne, kowane minti kuɗi ne, kuma muddin kwamfuta na kan layi, babu mai iya kiran gidan.

Modem mafi sauri a wancan zamani shi ne mai lamba 56k, wato bit 56,000 a daƙiƙa guda. Sai dai ba da bit ake auna girman fayil ba, da bayit ake aunawa, kuma bit 8 ne ke yin bayit 1. Idan aka raba da takwas, abin da ke shigowa bai wuce kilobayit 7 a daƙiƙa ba. Wannan ma a takarda ne. Hayaniyar layi da nisan waya kan rage shi zuwa kusan kilobayit 5. Ke nan waƙa ɗaya mai megabayit 4 za ta ci daƙiƙa 800, minti 13 da ɗoriya. Abin da ke cika faifan CD, megabayit 700, sai an kwana an wuni, kusan awa 39, idan layin bai yanke ba.

A ganina wannan lissafi ya kamata a dawo da shi, har a koyar da shi a darasin kwamfuta na sakandare. Har gobe da bit kamfanoni ke tallata saurin intanet, alhali da bayit ake sayar mana da data. Wanda aka yi wa alƙawarin megabit 10 a daƙiƙa, megabayit 1.25 kawai zai samu idan komai ya tafi daidai. Fim mai gigabayit 1 zai ɗauke shi minti 13 ɗin nan da waƙa ke ci a da.

Wani zai ce ai yanzu waya na nuna lokacin da ya rage. Gaskiya ne, amma sai bayan ka fara saukewa take nunawa, data ta riga ta fara zuba. Wanda ya iya rabawa da takwas kuwa, tun kafin ya danna ya san abin da zai kashe. Idan kuma ya ga aikin minti 13 ya kai awa guda, yana da hujjar tambayar kamfani: in ba ƙira, me ya ci gawayi?