Kafin Ka Saya Wa Iyali Allon Tuƙi A Kan Ruwa



A makon jiya wani magidanci da ke kasuwanci a Legas ya aiko da tambaya. Ya ce ya kai iyalinsa shan iska Tarkwa Bay, sai babban ɗansa mai shekara 14 ya hango wasu a tsaye kan wani dogon allo suna tuƙa shi da filafili. Tun daga ranar yaron ya hana shi sakat. Shi kansa uban, likita ya daɗe yana masa maganar tumbi da hawan jini, don haka ya fara tunanin sayen allo ɗaya da zai yi musu su duka, a kwantaccen ruwa da kuma bakin teku inda raƙuman ruwa ba su da girma. Wanne zai saya?

Na san ba shi kaɗai ba ne. A Legas da Abuja akwai iyaye da dama da yara ke nuna musu hoton wannan allo a waya. Saboda haka yau da kai nake, mai karatu, kafin ka ciro kuɗinka.

Tuƙi a tsaye ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya ga masunci a Yawuri ko Makoko tsaye a kwalekwale yana tura shi da gora ya ga kakan wannan wasa. Amma allon na zamani daga tsibirin Hawaii na Amurka ya fito, inda masu koyar da wasan hawan raƙuman ruwa a gaɓar Waikiki suke tsayawa a kan allunansu suna tuƙawa don su riƙa hango ɗalibansu. A farkon shekarun 2000 ya bazu duniya. A kanti da shagunan intanet za ka gan shi da haruffa uku, SUP.

Amfaninsa ga jiki ba ƙarami ba ne. Tsayuwa kan abin da ke motsi tana sa tsokar ciki da ta baya da ta cinya aiki ba hutawa, tuƙin kuma yana motsa kafaɗa da zuciya, ba tare da dukan gwiwa irin na gudu a kan kwalta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, yara masu shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a kullum. Fita biyu a ƙarshen mako ta rage maka kaso mai tsoka a wannan lissafi. Sai dai hukumar dai ita ce ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka rasu ta hanyar nutsewa a duniya a shekarar 2021. Shi ya sa zaɓen allon nan ba kamar zaɓen keke ba ne.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, taura biyu ba ta taunuwa. Allon da ya fi gudu a kwantaccen ruwa dogo ne, ƙafa 12 da rabi zuwa 14, mai tsinin goshi kamar jirgi, yana keta ruwa ya tafi ɗoɗar. Amma da raƙumin ruwa ya turo shi daga baya, goshin nan sai ya nutse ya kifar da kai. Allon da aka yi takanas don hawan raƙuman ruwa kuma gajere ne, yawanci bai kai ƙafa 10 ba, yana juyawa da sauri, amma a tafki sai ya yi ta karkacewa hagu da dama, ga wuyar tsayuwa ga mai koyo. Abin da iyali ke bukata shi ne na tsakiya, wanda bai yi fice a ko'ina ba amma bai ba ka kunya a ko'ina ba.

Ga kamanninsa. Tsawo ƙafa 10 zuwa 11, wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne mai ƙafa 10 da inci 6, wato kusan mita 3.2. Faɗi inci 32 zuwa 34. Goshinsa a zagaye yake, kuma in ka ajiye allon a ƙasa ka duba ta gefe za ka ga goshin ya ɗan ɗaga sama. Wannan ɗagawar ita ke hana shi cusa kai cikin ruwa in raƙumi ya ɗauko shi. Faɗin kuwa shi ne ke ba ka natsuwa. In ya gaza inci 30, mai koyo zai sha faɗuwa har ya tsani wasan; in ya haura 35, yaro ko mace mai gajeren hannu sai ta yi ta miƙa kafin filafili ya taɓa ruwa, kafaɗa ta yi ciwo.

Abu na biyu, auna allon da wanda ya fi kowa nauyi a cikin masu hawansa, ba da yaron da ya matsa a saya ba. A jikin kowane allo ana rubuta girman cikinsa da lita. Lita ɗaya tana ɗaukar kilo ɗaya a kan ruwa, amma mai koyo yana bukatar rara sosai, aƙalla ninki biyu na nauyinsa. In kana da kilo 90, kada ka kalli abin da ya gaza lita 180, in ya haura 200 ma ya fi maka. Ana kuma rubuta iyakar nauyin da allon zai ɗauka. Kada ka cika wannan adadi, ka bar tazara, musamman in kana da niyyar zaunar da ƙaramin yaro a gabanka. Yaro zai iya tuƙa allon uba ko da da ɗan nauyi, amma uba ba zai iya tsayawa kan allon yaro ba.

Abu na uku, na hurawa ko mai tauri? Mai taurin ana yin sa da soso mai ƙarfi a lulluɓe shi da ɓawo mai tauri. Ya fi daɗin sarrafawa a kan raƙuman ruwa, amma ka tambayi kanka inda za ka ajiye abu mai tsawon mita uku a gidan haya mai hawa biyu, da yadda za ka ratsa cunkoson Legas da shi. Yana kuma fashewa in ya bugi dutse ko siminti, in ya bugi kan yaro ma ba daɗi. Na hurawa ana naɗe shi a jaka ya shiga but ɗin mota, yawanci nauyinsa yana kusa da kilo 10, kuma faɗuwa a kansa ba ta da zafi. Ga yawancin iyalan birni shi na fi ba da shawara.

Sai dai a nan ne araha ba ta ado. Cikin allon hurawa akwai dubban zaruruwa da suka ɗaure sama da ƙasa, su ne ke sa ya miƙe ya yi tauri maimakon ya kumbura kamar balan-balan. Yawancinsu ana hura su zuwa awon iska 12 zuwa 15 a agogon famfo. Mai arha, mai fata ɗaya, ko an hura shi sai ya lanƙwashe a tsakiya kamar ayaba da zarar babba ya hau. Nemi mai fata biyu. Kauri inci 6 ya fi dacewa da mai jiki. Marar nauyi zai fi jin daɗin mai inci 5 ko ƙasa kaɗan, domin ya fi kwanciya a ruwa kuma iska ba ta cika tura shi ba. In na hannu za ka saya, ka sa a hura shi a gabanka, ka shafa ruwan sabulu a gefunan da aka liƙe da bakin hurawa kamar yadda mai faci ke yi wa taya. In ka ga kumfa tana tashi, ka bar musu kayansu.

Ka kifa allon ka duba fiffiken da ke ƙarƙashin wutsiyarsa. Babba guda ɗaya a tsakiya ya isa ya riƙe maka hanya a tafki. In akwai ƙanana biyu a gefe, suna taimakawa wajen riƙe ruwa a kan raƙumi. Mafi kyau shi ne wanda babban fiffikensa ke cirewa, don in ya karye a sauya. Filafili kuma ka ɗauki mai ƙarawa da ragewa, tunda ba mutum ɗaya zai riƙe shi ba. A kwantaccen ruwa ya ɗara tsayinka da kamar taƙi ɗaya, a bakin teku a ɗan rage.

Yanzu ga abin da ya fi allon muhimmanci. In kuɗinka ba za su sayi allo da rigar ceto da igiyar ɗauri gaba ɗaya ba, to ba su kai ba tukuna. Igiyar ita ke haɗa ka da allon, domin in ka faɗi, iska tana tafiya da allo fiye da saurin ninƙayar mutum. A tafki ana amfani da mai murɗe don kada ta riƙa ja a ruwa. A cikin raƙuman ruwa miƙaƙƙiya ake so, domin mai murɗen tana iya fizgo allon ya dawo ya buge ka. A ruwa mai gudu kuwa, kamar kogi ko mashigin Five Cowrie da ke tsakanin Ikoyi da Victoria Island lokacin da teku ke cika ko janyewa, igiyar idon sawu kanta haɗari ce: in ta sarƙe a ginshiƙin gada ko jirgin da aka ɗaure, ruwa zai danne ka hannunka bai kai ƙafa ba. A irin nan ana ɗaura ta a ƙugu da ɗamara mai kwancewa da ja ɗaya. Mai koyo ma ba shi da abin yi a ruwa mai gudu. A ranar 30 ga Oktoba, 2021, wani ayarin masu wannan wasa ya faɗa wata madatsa a kogin Cleddau da ke garin Haverfordwest a Birtaniya bayan mamakon ruwan sama, mutum huɗu suka rasa rayukansu, alhali da jagora suka fita.

Rigar ceto kuwa kowa da tasa, daidai jikinsa. Ta yaro in ka kama kafaɗunta ka ɗaga ta wuce kunnensa, ta yi masa yawa. Kuma riga ba ta maye gurbin iya ruwa. Yaron da ba zai iya faɗawa ruwa ya ninƙaya ya koma kan allo da kansa ba, kuɗin allon a fara kai shi wurin koyon ninƙaya da su. Mata da 'yan mata su sa sutura mai rufe jiki amma marar nauyi, a cusa hijabi cikin rigar ceto. Zane da doguwar abaya da babbar riga in sun jiƙe nauyi suke yi, suna kuma naɗe ƙafa.

Ka san ruwan da za ka shiga. Tarkwa Bay tana da sauƙi ne saboda katangun duwatsun mashigin tashar jiragen ruwa sun kare ta. Buɗaɗɗun gaɓoɓin teku na yankin Lekki ba haka suke ba, suna da ruwa mai ja zuwa ciki wanda ya ci gwanaye. Lokacin hunturu iska daga tudu take kaɗawa zuwa teku, ruwan sai ya yi lumui kamar ba komai, alhali tura ka take yi nesa da gaɓa. In ta kama ka, ka durƙusa ko ka kwanta rub da ciki ka yi tuƙi da hannu, kada ka rabu da allon. In hadari ya haɗo, kowa ya fito. 'Yan Abuja masu zuwa tafkin Jabi da sauran masu shiga ruwan daɗi su tuna da tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fata. Ba ta rayuwa a ruwan teku, amma tana yaɗuwa a tafkuna da madatsun ruwa da yawa a ƙasar nan. In yaro ya fara fitsari da jini bayan wasan ruwa, a kai shi asibiti a gwada, akwai maganinta. Mai farfaɗiya da mai ciwon zuciya kada su hau sai likita ya amince, kuma kada kowa ya fita shi kaɗai.

In ka saya, ka kula da shi. Zafin ranarmu yana ƙara wa iskar da ke ciki ƙarfi har liƙin ya buɗe, don haka kada a bar shi a hure a kan yashi da tsakar rana ko a cikin rufaffiyar mota. A rage masa iska, a kai shi inuwa, a ɗauraye gishiri da ruwan famfo, a bari ya bushe kafin a naɗe.

Shawarata ta ƙarshe ga mai tambayarmu da kai mai karatu: kada ka saya tukuna. Ka nemi inda ake ba da haya tare da mai koyarwa, kai da yaron ku hau sau biyu ko uku, ku fara a durƙushe a ruwan da bai wuce ƙugu ba. A nan za ka san faɗin da ya yi maka, ka kuma gane ko sha'awar yaron mai ɗorewa ce ko ta hoto ce kawai.

Allah ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.